Raba Shi a Tsakiya

Da a ce wani ya tare Kafinta a bakin ƙofa a safiyar nan ya ce masa, yau da bakinka za ka kusa rushe abin da 'yarka ta shekara tana ginawa, da ya koma ciki ya zauna. Babu wanda ya tare shi. Ya fita cikin farar rigarsa ta zuwa ofis, da ɗan filash na kwamfuta a aljihun gaba, duk taku goma sai ya dafa shi kamar mai ciwon ƙirji.

Abin da ke cikin filash ɗin kiɗan Auta ne, 'yarsa ta ƙarshe. Makarantar kiɗa take son shiga, su kuma sharaɗinsu a bayyane yake: duk mai neman gurbi ya kawo kiɗan da ya ƙirƙira da kansa, a rubuce a takarda, kafin ƙarfe huɗu na ranar rufewa. Bayan kwana uku ya zo ya kaɗa shi a gaban malamai, ido ɗaya a kan takarda, ɗaya a kan hannunsa. Sau ɗaya suke ɗauka a shekara, kuma ba sa ɗaukar wanda ya haura sha takwas. Baɗi war haka Auta ta haura.

Sai ga ranar rufewa ta faɗo daidai da jarrabawarta ta ƙarshe a sakandare, inda ake karɓe waya a bakin ƙofa sai ƙarfe biyar. Ita ma da nata laifin, don ta yi ta sauya ƙarshen kiɗan har jiya. Da ta gamsu sai ta kaɗa shi a tsohon fiyanon gidan mai amfani da lantarki, fiyanon ya haddace duk maɓallin da ta danna da lokacin da ta danna shi, ta juye a filash.

"Baba, ka kai wa Mai Kwamfuta," ta ce tana ɗaure takalmi. "Manhajarsa za ta mayar da shi rubutu. Amma don Allah ka ce masa ya kula da rabon hannu."

"Na ji."

"Me na ce?"

"Rabon hannu. Ke, ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Mahaifiyarta ta leƙo daga kicin. "Ku bar shi, ya ji. Haka ya ji ranar da na aike shi gishiri ya dawo mini da ƙusa."

Auta ta yi dariya ta fita da gudu. Gaskiyar magana bai gane mene ne rabon hannu ba, kunya ce ta hana shi tambaya. Shi ne ya koya mata fiyano tun tana tsayawa a kan kujera kafin ta kai ga maɓallai, amma da kunne yake kiɗa, bai taɓa karanta ɗigo ɗaya na rubutun ba. Ita kuwa a littafin aro ta koyi karantawa.

Shagon Mai Kwamfuta ɗaki ne siriri, ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Takardun neman aiki yake bugawa, wani lokaci mawaƙa su kawo masa aikinsu. Duk kantocin da ke jikin bangon Kafinta ne ya kafa su, shi ya sa suke wasa da juna.

"A'a, Takwas! Yau ina za a da farar riga? Ko an ba ka minista ne?"

Takwas suke ce masa tun ranar da injin yanka katako ya cinye ƙaramin yatsansa na hagu da na kusa da shi, shekara ashirin da suka wuce.

"Mai tumbi, ba wasa ya kawo ni ba. Rufa mini asiri da wannan."

Mai Kwamfuta ya soke filash ɗin, ya buɗe manhaja. Wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar. Ya juyo da kujerarsa tana ƙara.

"To, ga tambaya. Kiɗan fiyano hawa biyu ake rubuta shi. Layuka biyar a sama na hannun dama, biyar a ƙasa na hagu. Ita na'urar ba ta ga hannun yarinyar ba, maɓallai kawai ta sani. Tana so a nuna mata wuri ɗaya, duk abin da ke sama da shi ta ba dama, na ƙasa ta ba hagu. A ina zan raba?"

Kafinta ya ji sanyi a ransa. Ashe wannan ne rabon hannun. Abu mai sauƙi haka? Mutumin da ya shekara talatin yana raba katako, in aka ce a raba abu biyu ai ba sai ya yi tunani ba.

"Raba shi a tsakiya," ya ce. "Daidai wa daida. Kada a cuci kowane hannu."

"Ita ma na'urar tsakiyar take so. Kun yi tarayya."

Firinta ta fitar da shafi huɗu masu ɗumi. Kafinta ya riƙe su da gefen yatsu don kada ya ɓata, yana kallon baƙaƙen ɗigo masu wutsiya da suka jeru kamar tsuntsaye a kan wayar wuta. An tsattsaga layukan da 'yan sanduna a tsaye, shi sai ya ga kamar ɗakuna ne a jere. Bai san abin da suka ce ba, amma sun yi masa kyau ƙwarai.

Mota biyu ya shiga kafin ya kai makarantar. Ƙarfe sha biyu saura ya tsaya a gaban wani dogon tebur, inda wata malama mai furfura da tabarau a bisa hanci take karɓar takardu. Ta karɓa ta duba shafin farko. Ta buɗe na biyu. Sai ta ajiye biro, ta ɗora hannunta na hagu a kan tebur ta ware yatsu iyakar warewa, ta sake duba takardar, ta ƙara warewa har jijiyoyin bayan hannunta suka tashi.

"Malam, 'yar taka hannu nawa gare ta?"

"Biyu, ranki ya daɗe."

"Yatsu fa?"

Ya ɓoye hannunsa na hagu a bayan riga. "Goma cif."

"To duba nan. Ɗigo shida a lokaci guda, duk a hannun hagu, daga nan har nan. Ko hannunta faranti ne ba zai rufe su ba. Hannun dama kuma yana zaune babu aikin yi. Nan ma haka. Nan kuma dama ce aka ɗora wa kaya." Ta cire tabarau. "Duk shekara muna samun irin wannan. A sa na'ura ta haɗa kiɗa, a kawo mana da sunan yaro. Wannan ba ɗan Adam ne ya kaɗa shi ba."

"Wallahi ita ce! Da kunnena na ji, safe da yamma, har maƙwabta sun yi ƙorafi. Malama, ki ji tsoron Allah, yarinyar nan ko abinci sai an yi faɗa take ci saboda kiɗan nan."

"Ni takarda nake gani. In na buga mata hatimi ta shiga ke nan, ba a canzawa. Ran gwaji kuma a ce ta kaɗa yadda aka rubuta, ta kasa, a rubuta cewa ba nata ba ne. Kana so in buga?"

Ya miƙa hannu biyu ya janye takardun kamar za ta ƙwace. A nan ta ga hannun nasa. Ta ɗan dube shi, ta mayar da tabarau.

"Ƙarfe huɗu nake tashi," ta ce. "Ba huɗu da minti ɗaya ba."

Bai san yadda ya koma shagon ba. Ya dai tuna ya kira wayar Auta sau bakwai a cikin mota, duk da ya san tana cikin kwali a ofishin shugaban makaranta. Farar rigar ta manne masa a baya.

"Mai tumbi, na kashe yarinyar nan. Da bakina na kashe ta."

Mai Kwamfuta ya kori wani mai neman a buga masa wasiƙa, ya ce ya dawo gobe. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Ya ja layin rabon ya yi ƙasa da shi. Hannun hagu ya samu sauƙi a shafin farko, amma na dama ya kumbura a shafi na uku. Ya ja shi sama, abin ya juye. Ya gwada nan, ya gwada can, duk inda ya ajiye layin sai wani ɗaki ya cika da ɗigon da hannu ɗaya ba zai ɗauka ba.

"Takwas, ban taɓa ganin irin wannan ba. Kowa na kawo kiɗa, in raba a tsakiya, in gyara ɗigo biyu uku, shi ke nan. Ita wannan hannuwanta ba su san iyaka ba. Dama ta sauko gidan hagu, hagu ta haura gidan dama. Wa ya koya mata haka?"

Kafinta ya tsaya kallon hannunsa da ke kan gwiwa.

Shi ya koya mata. Bayan injin ya yi masa ɓarna, hannun hagunsa ya koma yatsu uku, ba ya iya ware su ya kama sauti mai faɗi. Sai ya saba wa hannun dama ya riƙa saukowa, babban yatsa da manuni su ɗauki abin da hagu ya kasa, in dama ta tafi can sama kuma hagu ta biyo ta ta riƙe mata wuri. Haka Auta ta tashi ta gani. Ya tuna ta tana 'yar shekara biyar, ta lanƙwashe yatsunta biyu na hagu cikin tafi, tana danna maɓalli da uku, wai ita ma Baba ce. Ya yi dariya har da hawaye, ya kira uwarta ta zo ta gani. Bai taɓa ce mata ta miƙe su ba. Ko sau ɗaya.

"Ni ne," ya ce. "Da hannuna take kiɗa."

"To ai da sauƙi. Zauna ka nuna mini ɗigo ɗaya-ɗaya, wannan na dama, wannan na hagu, in riƙa matsar da su."

"Ɗigo nawa ne?"

Mai Kwamfuta ya duba ƙasan allon. "Dubu da ɗari biyu da wani abu."

"Ni ko ɗaya ban san sunansa ba. In ka nuna mini wannan ka ce kaza ce, zan yarda."

Agogon maƙwabcinsu ya buga ɗaya. Kafinta ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Amma na iya kaɗa shi. Kusan duka. Na ji shi ya fi sau ɗari."

Mai Kwamfuta ya bugi cinya. "Tashi ka ɗauko fiyanon! Ka kaɗa mini hannun dama shi kaɗai, na'ura ta ɗauka. Duk ɗigon da ya fito a naka, in nemo shi a nata in kai sama. Ragowar na hagu ne."

A kan babur ya kawo shi, ya rungume shi a tsaye kamar mara lafiya, wayar wuta tana lilo a baya. Matarsa ta biyo shi har bakin titi tana tambayar abin da ya faru, ya ce mata in ya dawo. Suka ɗora fiyanon a kan kwalayen takarda, suka haɗa shi da kwamfuta. Biyu saura kwata.

Ya ɗora hannun dama, ya sa na hagu a aljihu. Ya fara. Ɗaki uku ya yi ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya a wuri ɗaya. Yatsun suka tsaya cak a kan maɓallai kamar baƙi a tasha.

"Yaya dai?"

"Ba ya tafiya shi kaɗai. Hagu ce ke gaya masa lokacin da zai sauko. Tunda nake ban taɓa raba su ba."

"To kaɗa da biyun mana."

"In na kaɗa da biyun ai mun koma inda muke!"

Ya ji kuka na taso masa, shi da rabonsa da kuka tun rasuwar mahaifinsa. Ya ɗaga kai don kada ya zubo, idonsa ya sauka a kan kantar da ya kafa da hannunsa. Ya miƙe ya kwashe takardun da ke kanta ya zube a ƙasa.

"Kai, Takwas! Takardun mutane ne!"

Ya ɗaga katakon ya cire shi daga mazauninsa. Ya kwantar da shi a saman fiyanon, dab da bayan maɓallai, ya zaro fensir daga bayan kunne, inda yake ko da farar riga, ya ja layuka daidai da faɗin kowane maɓalli. Nan kam aikinsa ne. Ya ɗora hagu a kan katako, dama a kan maɓallai.

Hagu ta fara ƙwanƙwasa katako, ƙwas, ƙwas, babu sautin kiɗa, dama ta ji ta bi. Kiɗan ya fito rabi, da ramuka a cikinsa kamar bakin tsoho, amma ya tafi. Mai gyaran agogo ya leƙo ya tsaya a bakin ƙofa. Sau biyu Kafinta ya kuskure suka koma baya. Mai Kwamfuta yana ta zufa, ya jera nasa a gefen nata, yana ɗaukar ɗigo yana haurawa da su sama, yana mita yana cewa wannan aikin ko kanta goma aka kafa masa ba a biya shi ba. Shafi na ɗaya ya daidaita. Na biyu ma. Duk ɗakin da suka gama sai Mai Kwamfuta ya ware ƙaton hannunsa a tebur ya gwada, ya ce, "Wannan ɗan Adam zai iya."

Uku da minti biyar suka iso ɗakuna shida na kusa da ƙarshe. Kafinta ya ɗauke hannu.

"Nan ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba?"

"Sabo ne. Makon nan ta ƙara shi. Kuma rufe ƙofa take yi in za ta kaɗa wurin. Ta bayan ƙyaure na ji, ban ga hannunta ba."

Mai Kwamfuta ya sa na'urar ta kaɗa wurin a hankali. Sauti biyar masu kauri a can ƙasa, tare suke sauka, sai wani siriri guda ɗaya yana yawo a samansu.

"Hanya biyu ce," in ji shi. "Ko irin taka, hagu ta ɗauki uku, dama ta sauko ta ɗauki biyu tana riƙe da siririn da ƙaramin yatsa. Ko kuma hagu ta ɗauki biyar ɗin duka. Kowanne zai yiwu. Amma wanda muka rubuta shi za su sa ido su gani a hannunta."

"Na'urar ba za ta iya faɗa ba?"

"Na'ura ba ta da ido, na gaya maka."

Kafinta ya gwada irin tasa. Ya yiwu, da ƙyar, dama tana miƙewa har tana zafi. Auta ta saba da irin wannan miƙewar, shekara goma sha biyu tana yi. To me ya sa take rufe ƙofa? Yarinyar da ko sabon sauti ɗaya ta samo sai ta jawo shi daga wurin aiki ya zo ya gani?

"Sake kaɗa mini. A hankali fiye da haka."

Ya sunkuyar da kai har kunnensa ya kusa taɓa lasifika. A cikin biyar ɗin, biyu na can ƙasa ba su da ƙarfi kamar sauran, kuma suna ɗan makara, kaɗan ƙwarai, kamar yaran da aka tasa daga barci. In da irin tasa ta yi, ɗan tsakiya ne zai danna na ƙarshen, shi kuwa ƙarfi gare shi.

"Akwai inda take nuna ƙarfin dannawa?"

Mai Kwamfuta ya buɗe wani wuri, 'yan sanduna suka fito, wasu dogaye wasu gajeru. Biyun nan gajeru ne a duk ɗakuna shidan.

"Yatsun da ba su saba aiki ba ne," in ji Kafinta. "Ta miƙe su. Ba ta so in gani ne, kada in ji wani abu."

"Ko kuma tsohon fiyanonka ne. Danna nan ka ji." Mai Kwamfuta ya danna maɓallan ƙasan, suka shiga da nauyi, ɗaya har da ɗan ƙara. "Ka gani? Ko ni na danna, gajeru za su fito. Kada ka ɗora wa yarinya abin da ba ta yi ba, Takwas. Kwana uku ba su isa a koya wa yatsa abin da bai taɓa yi ba."

"In kuma ta yi, na mayar da ita yatsu uku a takarda, da hatimi a kai?"

Mai gyaran agogo ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Ni dai ba ruwana da kiɗa. Amma uku da kwata ta wuce."

Kafinta ya dubi layukan fensir da ke kan katakon. A wurin da yatsunsa uku suka yi ta bugu, zufa ta ɓata layin. Can gefen hagu kuwa layukan na nan tsaf, babu abin da ya taɓa su.

"Ba wa hagu biyar ɗin," ya ce.

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. Ba ta."

Babur ya hau ya nufi makarantar, takardun a cikin riga, a jikin fatarsa. A mararraba ta biyu suka tarar da cunkoso, ya sauka ya ƙarasa da gudu, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, takalmi ɗaya na neman cirewa. Huɗu saura minti shida ya dafa dogon teburin yana haki. Malamar ta riga ta rufe jakarta. Ta buɗe takardun, ta ɗora hannu biyu a tebur, yatsunta na tafiya a hankali. A shafi na biyu ta ɗaga gira.

"Wane irin rabon hannu ne wannan? Dama a ƙasa, hagu a sama. Wa ya koya mata?"

Wannan karon bai ɓoye ba. Ya ɗora hannun a kan tebur.

Ta dube shi, ta koma ga takarda, ta bi ta har shafi na huɗu. A ɗakuna shidan nan ta tsaya, ta sauke yatsunta biyar na hagu a tare, sau biyu.

"Zai kaɗu," ta ce. "Saura mu ga ko haka take kaɗa shi. In buga?"

"Buga, ranki ya daɗe."

Hatimin ya sauka.

Daga nan ƙofar sakandaren Auta ya wuce. Ya samu gindin katanga ya tsaya tare da wasu iyaye, rigarsa duk shatin zufa da baƙin fensir. Ya shirya yadda zai tambaye ta ya fi sau goma, duk bai ji daɗin ko ɗaya ba. Biyar saura minti goma, ƙofar tana rufe. Har yanzu bai san da yatsu nawa 'yarsa take kaɗa ɗakuna shidan nan ba, kuma in ya yi kuskure, bai san ko kwana uku za su ishe ta ba.